Yadda ake bambance ciwon huhu na ƙwayar cuta da tawayen garkuwar jiki kafin a fara magani

A ɗauka ga wani magidanci a unguwar Kurna ko Gwammaja a Kano wanda ya shafe wata biyu yana tari. Da farko an ɗora wa hunturu laifi, aka sayo maganin tari a kyamis, aka haɗa da zuma da citta, tarin bai tafi ba. Can sai rama ta shigo, zazzaɓi yana zuwa da yamma, gaɓɓai suna ciwo, wata safiya kuma aka ga ɗigon jini a kakinsa. An yi hoton ƙirji, ya nuna tabo da wani rami a saman huhu. An duba kaki sau ɗaya a ɗakin gwaji ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, sai aka ɗebi jini aka tura wani babban ɗakin gwaji, takarda ta dawo ɗauke da haruffan ANCA ko ANA ko RF, an kuma rubuta cewa an samu. Daga ranar zancen gidan ya sauya, kowa yana cewa ashe garkuwar jikin Baba ce take cin sa. A daidai wannan gaɓa ake yin kuskure mafi tsada, domin maganin tawayen garkuwa aikinsa shi ne danne garkuwar, kuma idan ƙwayar cuta ce kwance a huhun, an kwance wa jiki ɗamara ke nan ana tsakiyar yaƙi.

Wannan bayani na majinyaci ne da mai jinyarsa, domin su san abin da takardar take nufi, da binciken da ya kamata a ƙarasa kafin a sha ƙwayar farko ta maganin danne garkuwa. Hukuncin ƙarshe na likita ne, amma iyalin da suka san inda ake zamewa suna iya yin tambayar da ta dace a lokacin da take da amfani.

Dalilin da ya sa jini yake ɓatar da mutane

Garkuwar jiki tana ƙera wasu sinadarai da take kai wa ƙwayoyin cuta hari da su. A cututtukan da nake kira tawayen garkuwa, irin su lufus da amosanin gaɓɓai mai lanƙwasa yatsu da kumburin ƙananan jijiyoyin jini, sinadaran kan juyo su afka wa jikin mai su. Gwaje-gwajen ANA da ANCA da RF duk neman irin waɗannan sinadarai suke yi. Matsalar ita ce ciwon da ya daɗe yana tsokanar garkuwa, kamar tarin fuka, yakan sa ta yi ta ƙera sinadarai barkatai, har da waɗanda gwajin yake nema, ba tare da mutumin yana da cutar tawaye ba. Gwajin bai yi ƙarya ba, abin da ya gani yana nan, fassarar ce take karkacewa. Kama da wane, in ji Bahaushe, ba ta wane.

Wanda ya fi jawo rikici a ciwon huhu shi ne ANCA. An fara bayyana shi a 1982, a 1985 kuma aka danganta shi da cutar da a da ake kira cutar Wegener, wadda tun 2011 likitoci suke taƙaita sunanta da GPA. Wannan cuta, wadda nau'i ce ta kumburin ƙananan jijiyoyin jini, tana kama hanci da huhu da ƙoda, tana haƙa ramuka a huhu, tana kawo tarin jini da zazzaɓi da rama, wato a hoto da a ido ita da tarin fuka kamar an tsaga kara. To kuma an sha samun ANCA a jinin masu tarin fuka, da masu ciwon ƙwayar cuta a murfin zuciya, da wasu masu ciwon fumfuna a huhu. RF ma haka yake: yana tashi a tarin fuka da kuturta da ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa, yana kuma fitowa a jinin tsofaffi da yawa masu ƙoshin lafiya. Har gwajin CCP, wanda ya fi RF tsayawa a kan amosanin gaɓɓai, an same shi a jinin masu tarin fuka. Ita kanta cutar tarin fuka tana iya kumbura gaɓɓai ba tare da ƙwayar ta shiga cikinsu ba, abin da wani likitan Faransa mai suna Poncet ya bayyana tun 1897, saboda haka ciwon gwiwa da idon sawu a jikin mai tari bai isa ya raba gardama ba.

A nan ne wurin da mutum yake zaune yake shigowa cikin lissafi. Likitan da ke aiki a Ingila, inda tarin fuka ya yi ƙaranci, idan ya ga rami a huhu da ANCA a jini yana da hujjar karkata ga GPA. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, Kano kuma tana cikin jihohin da suka fi ɗaukar wannan nauyi, ga cunkoson gidaje a cikin birni, ga shaguna da ɗakunan kwana marasa iska. GPA cuta ce da ba a cika gani ba a ko'ina, ta kuma fi yawa a tsakanin Turawa. Don haka takarda iri ɗaya, da hoto iri ɗaya, ma'anarsu a Kano daban take, kuma mai rami a huhu a garin nan ana ɗaukarsa a matsayin mai tarin fuka ne har sai bincike mai zurfi ya wanke shi.

Karanta takardar da kyau

Abu na farko shi ne a karɓi takardar sakamakon a hannu, kada a tsaya ga abin da aka faɗa da baki. Idan ANA ne, za a ga lamba kamar 1:40 ko 1:80 ko 1:320. Lambar tana nuna sau nawa aka tsarma jinin amma har yanzu ana ganin sinadarin, wato gwargwadon girman lambar baya, gwargwadon ƙarfin shaidar. Wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 1997 ya nuna cewa kusan mutum 3 cikin 10 masu lafiya lau suna ba da ANA a matakin 1:40, a matakin 1:160 kuwa kusan mutum 1 ne cikin 20. Ke nan wanda takardarsa ta nuna 1:40 bai kamata a kira shi mai lufus ba saboda ita kaɗai. Likitan da ke zargin lufus da gaske zai nemi ƙarin gwaji, irin su dsDNA da Sm da C3 da C4, ya haɗa su da abin da ya gani a fata da gashi da baki da ƙoda.

Idan ANCA ne, a duba ko an rubuta PR3 ko MPO, wato manyan nau'o'in ANCA guda biyu, tare da adadi. Tsohuwar hanya tana duba yanayin hasken da ƙwayoyin jini suke bayarwa ne kawai, ta ce c-ANCA ko p-ANCA, kuma ta fi saurin ruɗuwa. Tun 2017 matsayar ƙwararru ta duniya ta fifita gwajin da ke auna PR3 da MPO kai tsaye. Adadin da ya ɗan haura iyaka kaɗan shaida ce mai rauni, kuma ko mai yawa ne bai kore ƙwayar cuta ba, domin PR3 ne ma aka fi samu a ciwon murfin zuciya. ESR da CRP kuwa ba sai an daɗe a kansu ba: suna nuna akwai kumburi a jiki, ba sa faɗin mai laifi.

Faɗa wa likita duk abin da aka sha

Wannan mataki ba ya cin ko sisi, amma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A tattara kwalaye da ledojin duk maganin da majinyaci ya sha tun farkon ciwon, na asibiti da na kyamis da na gargajiya, a kai su gaban likita. Magungunan da sunansu yake ƙarewa da floxacin a jikin kwali, irin su Cipro, suna taɓa ƙwayar tarin fuka rabi da rabi, sai tari ya lafa, kaki ya fito babu komai, alhali cutar tana nan. Deksa da firednisolon, waɗanda ake sha don ciwon jiki ko asma, da haɗe-haɗen ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da wasu mayukan bilicin, suna ɗauke da sitiroyid mai rage garkuwa da ɓoye zazzaɓi. Mace za ta iya jin nauyin ambaton maganin ƙiba a gaban miji ko suruka, saboda haka ya kyautu a ba ta dama ta gana da likita ita kaɗai. Akwai kuma magungunan da su da kansu suke haifar da sinadaran da ake gwadawa: wani maganin hawan jini mai suna haidiralazin da maganin maƙoƙo mai suna PTU suna iya kawo ANCA, isoniyazid na cikin maganin tarin fuka kuma yana iya kawo ANA, don haka jinin da aka ɗiba bayan an fara maganin tibi sai an yi hattara da shi.

Bayan magani sai zama da sana'a. A faɗa idan akwai mai tari mai tsawo a gida ko a shago ko a makarantar allo, idan an taɓa shan maganin tibi a baya da ko an kammala shi, idan akwai ciwon suga ko sikila, idan ana kiwon tantabaru ko kaji a cikin gida, idan ana aikin fasa dutse ko sussukar hatsi ko zama a sito mai fumfuna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buɗe wa likita wata ƙofa ta bincike da takardar jini ba za ta buɗe ba.

Neman ƙwayar cutar da gaske

Duba kaki a madubin ɗakin gwaji tsohuwar hanya ce, kusan tun zamanin Robert Koch wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, kuma sai ƙwayoyin sun yi yawa take ganin su. Wanda aka ce masa an duba ba a gani ba, ya tambaya da wace hanya aka duba. Abin da ake buƙata shi ne gwajin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010. Yana neman ƙwayar halittar cutar ne, na'urar tana kammala aikinta cikin kusan awa 2, yana kuma faɗa idan cutar ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Ana yin sa kyauta a ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, ana samun sa a Asibitin Zana da Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ƙananan asibitoci masu sashen tibi kuma suna karɓar kaki su tura. Mai neman wurin da ya fi kusa da shi yana iya kiran lambar shirin ta kyauta, 3340.

Ingancin gwajin yana rataye ne a kan abin da aka zuba a kwalbar, kuma a ganina a nan ne rabin sakamakon "babu" yake samo asali. Mutane da yawa miyau suke tofawa. Yadda ake yi shi ne da sassafe, kafin a ci komai ko a tauna goro, a kuskure baki da ruwa zalla, a fita waje inda iska take kaɗawa nesa da yara, a ja dogon numfashi sau biyu ko uku ana riƙewa kaɗan, sannan a yi tari daga can cikin ƙirji a tofa abin da ya taso mai kauri, kimanin cikin ƙaramin cokali, a rufe kwalbar ruf a kai ta a ranar. Idan tarin busasshe ne, asibiti yana iya shaƙa wa majinyaci tururin ruwan gishiri domin kakin ya taso. Idan hakan bai yiwu ba, ana zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko baki a wanko ɓangaren huhun da ke da tabon a gwada ruwan. Yara ƙanana da ba su iya tofar da kaki ba ana gwada bayan gidansu ko ruwan cikinsu.

Sakamakon "babu" guda ɗaya bai rufe magana ba idan hoton da alamomin suna nuna tarin fuka. A maimaita, a kuma roƙi a reni kakin a ɗakin gwaji domin a ga abin da zai tsiro. Renon yana cin lokaci, yakan kai mako 6 a ruwa, ko mako 8 a kan daskararren abincin ƙwayar, shi ya sa ya kamata a tura shi tun ranar farko maimakon a tuna da shi bayan wata guda. Allurar gwajin fata ta Mantoux da gwajin jini na IGRA ba sa warware wannan rikici, domin suna nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, abin da ya shafi ɗimbin manya a garin nan, kuma suna iya cewa babu a jikin wanda ciwon ya riga ya kwantar. Gwajin cuta mai karya garkuwar jiki wajibi ne ga duk mai irin wannan ciwo, ko malami ne ko dattijuwa, saboda ita ma tana birkita gwaje-gwajen jini, tana sa tarin fuka ya ɓuya daga kaki, kuma ga wanda ta yi wa nisa akwai gwajin fitsari na LAM da ke taimakawa wajen kama tibi.

Ba tarin fuka kaɗai ke yin wannan shigar burtu ba. Wanda ya warke daga tibi ya bar rami a huhu, wata fumfuna mai suna Asfajilus tana iya tarewa a ramin, ta dawo da tari da jini da rama bayan shekaru, kuma ana gano ta ne da gwajin jini na musamman tare da hoton siti, wato hoton CT mai nuna cikin huhu dalla-dalla. Akwai Histofilasma da ke rayuwa a ƙasar da kashin tsuntsaye da na jemage ya taru. Akwai Nokadiya, ƙwayar cikin ƙasa mai jinkirin tsirowa, wadda take son mai shan sitiroyid, kuma idan likita bai rubuta a takardar cewa yana neman ta ba, ɗakin gwaji yana iya zubar da farantin kafin ta fito. Su duka ukun ba sa jin maganin tibi, kuma sitiroyid taki ne a gare su.

Fitsari da zuciya da ɗan yankin nama

Gwajin fitsari yana cikin mafi araha, yana kuma cikin mafi amfani a wannan matsala. Kumburin jijiyoyin jini na gaske yakan taɓa ƙoda tun kafin majinyaci ya ji komai, sai a ga jini da furotin a fitsari, kiriyatinin, wato dattin da ƙoda take tacewa, kuma yana hawa a jini. Sai dai a ƙasar Kano jini a fitsari yana da wani sanannen uba, wato tsargiya, musamman ga wanda ya tashi yana wanka a kududdufi ko yana noman rani a wuraren ban-ruwa irin na Kadawa. Saboda haka kada a tsaya ga tsinken da ake tsomawa ya sauya launi, a nemi a duba fitsarin a madubi, domin a ga ko ƙwan tsargiya ne ko kuwa jinin daga matatar ƙoda yake fitowa, wanda yake da kamanninsa na daban.

Zuciya ma tana bukatar kunne. Ciwon murfin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya yana da yawa a Arewa, kuma murfin da ya lalace wurin zama ne ga ƙwayoyin cuta. Idan ƙwayoyin suka zauna a murfin, ciwon yana kawo zazzaɓi na makonni, da tabo a fata, da jini a fitsari, da tabo a huhu, da ANCA da RF a jini, wato duk abin da ake nema a kira mutum mai kumburin jijiyoyin jini. Hanyar kama shi ita ce a ɗebi jini domin reno har sau uku kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kuma yi hoton zuciya na eko.

Idan duk wannan bai raba gardama ba, sai a ciro ɗan yankin nama daga inda ciwon yake, ko cikin hanci ko kaluluwa ko fata ko huhu ko ƙoda. Iyalai sukan tsorata da jin haka, har wasu su sa hannu su tafi da majinyaci gida, alhali sau da yawa da allura ake yi bayan an kashe zafin wurin. Ga wata dabara ƙarama da take ceton bincike gaba ɗaya: a tuna wa mai cirowa ya raba naman gida biyu, kashi ɗaya a ruwan adana nama domin mai duba shi a madubi, kashi ɗaya a ruwan gishiri domin GeneXpert da reno, saboda ruwan adanawar yana kashe ƙwayar cuta, ba za ta ƙara tsirowa ba. Dalilin wannan kulawa shi ne tarin fuka da GPA da wata cuta mai suna sakoyidosis duk suna tara ƙwayoyin garkuwa curi-curi a cikin nama. Curin tarin fuka yakan ruɓe a tsakiya ya yi kamar cuku, amma na GPA ma yana ruɓewa, don haka sai an yi wa naman rini na musamman na neman ƙwayar tibi da fumfuna kafin a yanke magana.

Tambayar da za a yi, da lokacin da ba a jira

Idan likita ya rubuta firednisolon mai yawa ko wani maganin danne garkuwa, mai jinya yana da haƙƙin tambaya cikin ladabi. Yana iya cewa: "Likita, Allah ya ƙara lafiya, kafin Baba ya fara wannan, an yi masa GeneXpert kuwa, kuma an tura kakinsa reno? Ban da gwajin jinin nan, me ya nuna cewa garkuwarsa ce?" Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Idan amsar ba ta gamsar ba, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, inda likitan huhu da na ƙoda da na gaɓɓai za su iya duba fayil ɗaya tare. Kafin magunguna masu ƙarfi irin su saikulofosfamaid da rituksimab, ana kuma gwada ciwon hanta nau'in B, domin yana iya farkawa da ƙarfi idan garkuwa ta kwanta.

Sai dai kuskuren yana da fuska ta biyu, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Akwai masu kumburin jijiyoyin jini na gaske da ake ɗora wa maganin tibi wata da watanni ba tare da an taɓa ganin ƙwayar ba, suna sha ƙodarsu tana mutuwa a hankali. Alamomin da ke karkata zuwa can sun haɗa da toshewar hanci mai ɓawon jini da haɓo da ya ƙi jin magani, da karan hanci da ya fara lotsawa, da toshewar kunne, da jan ido mai zafi, da ƙafa ko hannu da ya saki farat ɗaya, da jajayen ɗigo a ƙwauri da ba sa ɓacewa idan an danna. Wanda yake tarin jini mai yawa numfashinsa yana sarƙewa, ko fitsarinsa ya ragu ya koma kalar shayi jikinsa yana kumbura, ba a zaunar da shi jiran renon mako 6, sashen gaggawa ake nufa da shi a daren. A irin wannan hali likitoci sukan ɗebi duk samfurin da ake bukata cikin sa'o'i, su fara sitiroyid domin ceton rai da ƙoda, wani lokaci tare da maganin tibi a lokaci guda har sakamako ya fito. Cututtukan biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya ma, domin mai lufus ya fi mai lafiya saurin kamuwa da tarin fuka.

Idan an riga an fara sitiroyid

Da yawa za su karanta wannan ne bayan an yi mako biyu ko uku ana sha. Abin da ke yaudara shi ne sitiroyid yana kawo sauƙi ko mene ne ciwon: zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo, fuska ta ciko, 'yan dubiya suna ta barka. Sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo, domin sauƙin bai tabbatar da cewa an gano cutar ba, kuma ƙwayar tibi tana iya bazuwa a wannan lokacin zuwa laka da ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Shan miligiram 15 na firednisolon ko fiye a kullum har tsawon wata guda ya isa ya raunana garkuwa a gaban tarin fuka.

Duk da haka kada a yanke maganin rana ɗaya idan an haura kimanin mako 3 ana sha, domin jiki yana rage ƙera nasa sinadarin idan ana ba shi daga waje, kuma yankewa farat ɗaya tana iya faɗar da hawan jini har ta kai ga suma ko abin da ya fi haka. A koma wurin likita da kwalin maganin, a nemi a yi binciken da aka tsallake, shi kuma ya tsara yadda za a rage. Dawowar zazzaɓi, da ciwon kai mai tsanani da amai ko sanƙarewar wuya, da ruɗewar magana, da ƙaruwar haki, duk dalilan komawa asibiti ne a ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.

Idan bincike ya tabbatar da tarin fuka, maganin kyauta ne, wata 6 ne ga mafi yawan masu na huhu, wata 2 na farko da magunguna 4, sauran wata 4 da magunguna 2, kuma a kawo mutanen gida a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5. Rifamfisin yana mayar da fitsari da zufa da hawaye kalar ruwan lemo mai ja, wanda iyalin da aka riga aka tsorata da zancen ƙoda sukan ɗauka jini ne, gwajin fitsari kuma yana bambancewa cikin mintuna. Yana kuma sa hanta ta yi saurin narkar da sitiroyid da magungunan tsarin iyali na sha, saboda haka duk likitan da ke ba majinyaci wani magani ya san cewa yana shan sa. A adana takardar ANCA ko RF ta farko a cikin fayil tare da hoton ƙirjin farko, domin bayan an kammala magani likita zai so ya maimaita su ya kwatanta, kuma sau da yawa adadin yakan sauka ko ya ɓace tare da tarin. Idan kuwa an cika wata 2 ana shan maganin tibi ba fashi amma nauyi bai ƙaru ba, zazzaɓi bai tafi ba, ko fitsari ya fara nuna jini da furotin, a koma da fayil ɗin gaba ɗaya a sake buɗe binciken daga kan reno da hoton siti.